Maye Ba Hanzari Ba Ne

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa a zaurukan Sakkwato. In miji ya lakaɗa wa matarsa duka ta yi yaji, sai danginsa su zo biko su ce wa ubanta, "Malam, a yi haƙuri, ba ya cikin hayyacinsa, ƙwaya ce." Sa'an nan a mai da ita ɗakinta, ƙwayar kuwa tana nan cikin aljihunsa.

To, wa ya ɗura masa? Da ƙafarsa ya tafi, ya saya da kuɗinsa, sau da yawa ma kuɗin cefane ne. Daga nan rigima ke tashi: ta tambayi abin da za a aza a wuta, shi kuwa ba shi da amsa sai hannu. Lalle akwai masu dukan mata waɗanda ba su taɓa kurɓar kome ba. Watau zalunci yana nan tun da fari, maye dabaibayi kawai ya ke kwance masa, ya kawar da kunyar surukai da ta maƙwabta.

Da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan cikin 2000, an hana sayar da giya a sarari, mutane suka ce an huta. Ashe maye riga ya sake: wiwi, da sholisho, da tiramol, da maganin tari mai kodin, wanda sai cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana. Ƙwaya ba ta wari, mutum ya haɗiya ya shiga sahu, ba mai sani sai matarsa. Binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya sami mutum miliyan 14.3 masu shaye-shaye a Nijeriya, ɗaya cikin huɗu mace ce. Wadda ake daka kullum, a ce mata haƙuri, ina mamaki in ta nemi barci cikin kwalba?

Shehu Usmanu ya zargi masu wulakanta matansu cikin Nurul Albabi. Doka kuma akwai ta, Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa mata hannu cikin 2021. Saura waliyyai. Uban da aka zo wa biko yana da ikon ya ce 'yarsa ba ta komawa sai an kai mijin asibitin Kware, likita ya duba shi, mai unguwa kuma ya shaida.