SAKACI BA TAWAKKALI BA NE: Magana A Kan Yaro Marar Lafiya A Ajin Islamiyya

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai jarrabar bayinSa da cuta, Mai yaye ta idan Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammad (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

 Maganar da zan yi yau na san ba za ta yi wa wasu daga cikin iyaye da shugabannin makarantunmu daɗi ba. To amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

A daminar shekarar 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta yi tsanani a Kano, wata yarinya 'yar shekara 9 ta zo ajina da yamma, ta zauna a kan benci ta kifa kai. Da na kira ta biya hadda sai na ji muryarta ta dushe, jikinta zafi rau, wuyanta kuma ya kumbura a ƙarƙashin hijabi. Nan take na haɗa ta da yayarta na ce su koma gida, a gaya wa Baba a kai ta asibiti yau ba gobe ba. Washegari sai ga mahaifin da kansa, ransa a ɓace. Ya ce: "Malam, kai da ya kamata ka koya wa yara imani, kai ne kake korar 'yata saboda zazzaɓi? Ba ka san Manzon Allah ya kore ɗaukar cuta ba?" Shugaban makaranta ya ba shi haƙuri, ni kuma aka ja ni gefe aka ce in riƙa sassautawa, kada iyaye su janye 'ya'yansu. Yarinyar ta kwanta a asibiti, Allah Ya tashi kafaɗunta. Wadda suke zama benci ɗaya kuwa ba ta sake dawowa ajina ba har abada. Allah Ya sa mai ceton iyayenta ce.

Ban ce na san ta inda cutar ta bi ba, Allah ne Masani. Abin da na sani shi ne mun yi sakaci, sannan muka lulluɓe sakacin da rigar addini. Wannan rigar ce nake so mu yaye yau.

Mu fara da hadisin da mahaifin nan ya kafa hujja da shi. Hadisi ne ingantacce, yana cikin Bukhari da Muslim, babu mai musun wannan. Amma sahabin da ya ruwaito shi, Abu Huraira (RA), shi ne dai ya ruwaito hanin da aka yi wa mai raƙuma marasa lafiya na kai su mashaya ɗaya da masu lafiya. A cikin Bukhari akwai umarnin nisantar kuturu. A cikin Muslim kuma an ruwaito cewa da tawagar Saƙifawa ta zo yin mubaya'a da wani kuturu a cikinta, sai Manzon Allah (SAW) ya aika masa cewa an karɓi mubaya'arsa, ya koma, ba tare da an haɗa hannu ba. Shin wani zai ce ya fi Annabi tawakkali?

Malamai irin su Imam Nawawi sun daɗe da warware wannan. Abin da aka kore shi ne aƙidar Jahiliyya ta cewa cuta tana tsallakawa da ikon kanta, ba da ƙaddarar Allah ba. Amma cuɗanya da marar lafiya sababi ce daga cikin sabubban da Allah Ya halitta, kamar yadda wuta take sababin ƙuna. Hafiz Ibn Hajar ya bi wata hanyar daban wajen haɗa hadisan, amma shi ma bai soke umarnin nisanta ba. Ka ga ke nan wanda ya riƙe hadisi ɗaya ya jefar da uku, ba sunna yake karewa ba, son ransa yake karewa.

Sannan ga Sayyidina Umar (RA). Yana kan hanyar Sham, ya iso wani wuri da ake kira Sarg, sai labari ya zo masa cewa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara da Muhajirai da Ansar, ya yanke hukuncin juyawa da jama'a. Abu Ubaida (RA) ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, sai ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sauka a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora dabbobinsa da ƙaddara ya kora su, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sai Abdurrahman bin Auf (RA) ya zo da hadisin da ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana na ciki fita. Wannan ita ce annobar Amwas ta wajen shekara ta 18 bayan hijira, wadda ta ɗauki ran Abu Ubaida da Mu'azu bin Jabal. Killace masu cuta ba daga Turawa muka aro shi ba, gadonmu ne muka yar.

Yanzu ɗan uwa mai karatu, shigo ajinmu ka gani da idonka. Ɗaki ne da aka gina don mutum 30, mun zuba yara 70, gwiwa na gogar gwiwa. Taga ɗaya ce, ita ma an toshe ta da kwali tun hunturun bara. A bakin ƙofa ga randa ɗaya da moɗa ɗaya, kowa ya sha ya mayar. Sannan mu ce a ɗaga murya a maimaita karatu baki ɗaya, har tsawon awa biyu. Malam kuma yana zaune, yara suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna biya masa hadda fuska da fuska.

To mashaƙo ta numfashi yake yaɗuwa, ta tari da atishawa da yawun da ke fita yayin magana, da kuma kayan da marar lafiya ya yi amfani da su. Yakan ɗauki kwana 2 zuwa 5 kafin alamunsa su bayyana. Ƙwayar cutar tana shimfiɗa wata 'yar fata mai ruwan toka a maƙogwaro wadda ke toshe numfashi, tana kuma sakin dafin da ke lalata zuciya da jijiyoyi. Ko da magani, cikin mutum 100 da suka kamu, 5 zuwa 10 sukan rasu, kuma abin ya fi muni ga ƙananan yara. Tun watan Disamba na 2022 aka sanar da hukumar NCDC ɓullarsa a Kano da Legas, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma mafi yawansu yara ne 'yan ƙasa da shekara 15 da ba su kammala rigakafi ba. Su wane ne waɗannan in ba ɗalibanmu ba? A 2023 cutar ta taɓa Matameye a jihar Damagaram ta Nijar. A watan Maris na 2025 kuma ta ɗauki ran ɗalibi ɗan shekara 12 a King's College ta Legas. Cutar da ta shiga makarantar 'ya'yan manya, ajin tabarma za ta ji wa kunya?

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne uban da zai hana ɗansa zuwa makarantar boko da safe saboda zazzaɓi, amma da la'asar ya ce tashi ka tafi Islamiyya ka samo albarkar karatu. Subhanallah! Shari'ar da ta ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci don kada warin ya cutar da masallata, ita ce za ta yarda a turo mai mashaƙo ko ƙyanda cikin yara 70? Annabin da aka ruwaito yana rufe fuskarsa idan zai yi atishawa, wanda ya hana yin numfashi a cikin ƙwaryar sha, shi ne za a jingina wa ƙazantar moɗarmu?

Na san wasu za su ce matsalarsu da allurar rigakafi ce. Ba zan raina tsoronsu ba. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Amma mun ga abin da dakatar da rigakafin shan inna a 2003 ya haifar: yaran da suka shanye suna nan a unguwanninmu, sun zama samari a kan keken guragu. Da aka koma aka dage, a 2020 aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Allurar da ke kare mashaƙo kuwa ba gwaji ba ce, duniya ta shafe shekaru aru-aru... a'a, in faɗi daidai, kusan ƙarni guda tana amfani da ita. Ita ce ke cikin allurar Penta da ake yi wa jariri a sati na 6 da na 10 da na 14, kyauta, a asibitin sha-ka-tafi na unguwa, kuma 'ya'yanmu Musulmi ne suke yin ta.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, kuma babu wanda ya fi ƙarfin ko da mafi talaucin makarantunmu:

Na farko, duk yaron da ke da zazzaɓi tare da ciwon maƙogwaro, ko kumburin wuya, ko ƙuraje, ko sanƙarewar wuya, ko amai da gudawa, ya koma gida a kai shi asibiti, kada ya dawo sai likita ya yarda. Kada a yi masa bulalar fashi, kada a cire shi daga jerin masu sauka.

Na biyu, a ajiye lambar wayar kowane uba, a sanar da iyayen abokan zaman yaron, a kuma kai rahoto cibiyar lafiya mafi kusa. Ɓoye cuta don kare sunan makaranta ha'inci ne.

Na uku, a buɗe tagogi, a raba aji biyu ko da wasu za su koma inuwar bishiya, kowane yaro ya zo da gorar ruwansa, a ajiye sabulu kusa da butoci.

Na huɗu, a nemi katin rigakafi ranar ɗaukar ɗalibi. Wanda ba shi da shi kada a kore shi, a nuna wa iyayensa hanya.

Na biyar, malamin da ya kwanta ciwo kada a yanke masa ɗan abin da ake ba shi. Muddin ana yankewa, zai zo aji yana tari, domin yana da iyali. Haka mai gadi, haka mai shara.

Ku kuma matasa, yayye da ƙannen iyaye, ku ne kuke rako yaran nan. Ku taɓa goshin ƙaninku kafin ku fito. Idan Baba ya ce a tafi haka, ku gaya masa cikin ladabi abin da Umar ya yi a Sarg. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu. Karatun da yaro ya rasa na sati biyu ana ramawa, ran da ya fita ba ya dawowa. Mu yi addu'a, mu yi azkar na safe da yamma, mu kuma ɗaure raƙuminmu kamar yadda aka umarce mu, sannan mu dogara ga Allah.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma nawa ne, ina neman gafararSa. Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga miyagun cututtuka, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.