Auren jinsi: Sanatoci huɗun New York da ƙuri'a ɗaya ta raba da kujerunsu

A daren 24 ga Yunin 2011 majalisar dattawan jihar New York a Amurka ta amince da dokar halasta auren jinsi da ƙuri'u 33, wasu 29 suka ƙi. Jam'iyyar Republican ce ke da rinjaye a zauren, saboda haka ba don 'ya'yanta huɗu sun ɓalle sun bi 'yan Democrat ba, da ƙudirin ya mutu kamar yadda ya mutu a 2009. Su ne James Alesi da Roy McDonald da Stephen Saland da Mark Grisanti. Kafin a cika shekara huɗu, babu ko ɗayansu da ya rage a majalisar.

Mai karatu a nan gida ya san matsayin addininmu da dokarmu kan wannan lamari, kuma ba shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda masu zaɓe suka yi hisabi da wakilansu.

Ba rashin gata ne ya kayar da su ba. Gwamna Andrew Cuomo, wanda ya sa wa dokar hannu a daren, ya yi ta yabonsu. Attajirai irin su Michael Bloomberg, magajin birnin New York a lokacin, sun zuba musu kuɗin kamfe. Sai dai kuɗin ya zo daga birni, masu kaɗa ƙuri'ar fidda gwani kuwa suna can mazaɓun wajen birni, kuma su ne 'yan ga-ni-kashe-nin jam'iyya, waɗanda ba su da yawa amma ba sa fashin fitowa.

Alesi bai ma tsaya takara a 2012 ba, ko da yake shi yana da wata matsalar: ya taɓa maka wasu 'yan mazaɓarsa a kotu bayan ya faɗi ya karye a gidansu da ake ginawa, wanda ya shiga ba da izini ba. McDonald ya faɗi zaɓen fidda gwani a hannun Kathy Marchione da tazarar ƙuri'u kimanin ɗari. Saland ya sha da ƙyar a fidda gwani, amma abokin karawarsa ya ci gaba da takara a inuwar ƙaramar jam'iyyar Conservative, ya raba musu ƙuri'u, ɗan Democrat ya wuce ta tsakaninsu. Wato masu fushi da Saland sun gwammace kujerar ta koma hannun jam'iyyar da ta kawo dokar da a ce shi ya koma kanta.

Wanda na fi tsayawa a kansa shi ne Grisanti na birnin Buffalo. Lokacin neman zaɓe ya shaida wa jama'a cewa ba ya goyon bayan auren jinsi. Da ranar ta zo, ya miƙe ya ce a matsayinsa na lauya ya duba bai ga hujjar doka ta hana wasu abin da aka ba wasu ba, har ya nemi afuwar waɗanda ya ɓata wa rai. Magoya bayan dokar sun kira wannan jarumta. Ni a ganina ɗan majalisa na da damar sauya ra'ayi, amma wanda ya karɓi ƙuri'a da alƙawari ya je ya yi akasinsa, ba shi da bakin kuka idan aka karɓe kujerar. Ya tsira a 2012, aka kayar da shi a 2014, daga baya Cuomo ya naɗa shi alƙali.

Saland kuwa ina jin an yi masa tsauri. Shi ne ya dage har aka ƙarfafa sashen da ya kare majami'u da sauran cibiyoyin addini daga tilasta musu ɗaura irin wannan aure. Waɗanda ya yi wa wannan aikin ne suka juya masa baya.

Faɗuwar tasu ba ta taɓa dokar ba. A 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta halasta auren a faɗin ƙasar, a 2022 kuma sanatocin Republican 12 suka mara wa dokar tarayya da ta ba shi kariya baya. Ɗaya daga cikinsu, Thom Tillis na North Carolina, jam'iyyarsa ta jiha ta yi tir da shi a hukumance a 2023, kuma wannan ƙuri'a na cikin laifukan da aka ɗora masa.