NA'URAR LESA: KADA A ƘONA MANA FATA DA SUNAN TSAFTA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa matasan Sabon Birni da Isa, wata talla ta shigo mana wayoyi ta TikTok da Facebook, 'yan ci-rani ma suna dawowa da labarinta daga Legas da Abuja. Wai akwai na'urar haske, lesa, mai kashe gashi har abada: ba reza, ba wanzami, ba ƙurajen aski. Har ƙanana ake tallatawa, wai ka saya ka yi da kanka a ɗaki. To ɗan'uwa, tsaya ka ji abin da mai talla ba zai gaya maka ba.

Hasken nan baƙi yake nema. Sinadarin da ke baƙanta gashi, melanin, shi ke zuƙe hasken ya zama zafi, zafin ya ƙone saiwar gashin. A jikin Bature, fata fara ce gashi baƙi, don haka hasken ya san inda ya dosa. Kai fa? Wannan sinadarin shi ne ya cika fatarka, ga ranar Gobir ta ƙara mata. Sai na'urar ta ƙone gashi da fata gaba ɗaya: bororo, tabo baƙi ko fari, wani ma tabon ya kumbura ya zauna. Idan hasken ya shiga ido kuwa, yana iya lalata gani.

Ba mu ce duk ƙarya ce ba. Likitoci suna da wata lesa, Nd:YAG, mai tsawon zango 1064, wadda ke ratsa fata zuwa saiwa, kuma ita ta fi dacewa da baƙar fata. Da ita ake taimakon masu ƙurajen gemu masu tsanani. Amma ƙananan da ake tallatawa a waya galibi ba lesa ba ce ma, IPL ce, kuma masu ƙera su da yawa sun rubuta a kwali cewa ba a yi su don fata mai duhu sosai ba. Wa ya karanta maka kwalin?

Batun "har abada" kuma, hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda ta fara amincewa da lesar cire gashi a 1995, rage gashi ta yarda a ce, ba kawar da shi ba. Sai an yi zama 6 zuwa 8, tsakani sati 4 zuwa 6, kowane zama da kuɗinsa. Furfura ba ta jin ta. Wasu ma gashin ƙaruwa yake yi a gefen wurin.

Kuma in ka ƙone a Isa, ina likitan fata? Sai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a kan hanyar da duk mun san halin da 'yan bindiga suka jefa ta.

Subhanallah! Yaushe tsafta ta zama sai da na'ura? Manzon Allah (SAW) ya koya mana aske gashin mara da tsige na hammata, kuma Muslim ya ruwaito daga Anas cewa kada a wuce kwana 40. A kan me za ka buɗe al'aurarka gaban baƙo ba da lalura ba? Mai son gyaran layin gemu da lesa kuma ya sani, saiwar da ta mutu ba ta dawowa ranar da ya yi nadama.

Abin yi shi ne: ka riƙe rezarka kai kaɗai, wanzami ya buɗe sabuwa a gabanka, don ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Mai ƙurajen aski ya daina yin ƙwal, ya bar gashin ya ɗan taso. In abin ya ƙi, likita za a nema, ba mai talla ba.

Jiki amana ne, za a tambaye mu. Allah Ya sa mu dace, amin.