Ku daina zaunar da Baba

Jama'a, 11 ga Afrilu ce ranar cutar Parkinson ta duniya, ciwon nan da muke ce wa karkarwa. Ina da magana kan yadda muke jinyarsa a nan Sakkwato.

Da zarar hannun dattijo ya fara rawa, ya koma jan ƙafa, sai mu shimfiɗa masa tabarma a zaure: "Baba zauna, za a kawo maka." A miƙo masa buta, a hana shi zuwa masallaci don kada ya faɗi. Tausayi ne, na sani. Amma zaman nan cinye masa ƙarfin cinya yake yi, kuma ran da cinya ta kasa ɗaga shi daga kujera, faɗuwar da ake gudu ita ce za ta zo.

Ciwon daga ƙwaƙwalwa yake. Ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin ke mutuwa a hankali. Maganin levodopa yana sassauta shi, ba ya warkarwa. A wani bincike da aka yi a Chicago, aka buga a 2013, an sa masu ciwon ɗaga nauyi sau biyu a mako, ana ƙara nauyin kaɗan-kaɗan. Bayan shekara biyu motsinsu ya fi na waɗanda aka bari kan motsa jiki mai sauƙi.

Kuma fa ba sai an sayi injin ba. Kujera mai ƙarfi a jingine da bango: ya miƙe da hanzari, ya zauna a hankali, kamar sau goma, wani na tsaye kusa da shi. Hanzarin nan shi ne abin da ciwon ke sacewa, shi ake son a kwato. Gorar ruwa cike da yashi ta isa hannu. A yi da sassafe, bayan magani ya kama jiki, don zafin Afrilun Sakkwato ba abin wasa ba ne.

Don Allah kafin a fara a kai shi sashen fisiyo na Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo, su duba shi, musamman mai jiri ko hawan jini.

Saura gwamnati. Ƙananan hukumomi 23 gare mu. Wa zai riƙa ɗauko tsoho daga Isa ko Tangaza sau biyu a mako da kuɗin motar yau? A tura masu fisiyo manyan asibitocin can, ko ranar kasuwa kaɗai ce, su koya wa 'ya'yan marasa lafiya.