SHARHI: Ƙirƙirarriyar basira a ofisoshin Abuja: Na'ura ke rubutu, ma'aikaci ke sa hannu

Tun daga ƙarshen Nuwamban 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fitar da ChatGPT, manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke ta kutsawa cikin ofisoshin gwamnati ta wayoyin ma'aikata, tun kafin hukuma ta ce uffan a kansu. Yanzu hukumar ma ta bi sahu. Ofishin Shugabar Ma'aikatan Tarayya, Didi Esther Walson-Jack, ya samar da manhajar Service-Wise GPT domin taimaka wa ma'aikata kan dokokin aiki da rubuce-rubucen ofis, ya kuma sanya ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin raba ma'aikatu da fayil na takarda. Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani kuwa ta fitar da daftarin manufar ƙasa kan wannan fasaha a 2024.

Abin da ba a cika tattaunawa a kai ba shi ne umarnin da ma'aikaci ke rubuta wa manhajar, alhali a nan ne ingancin aikin yake farawa.

Irin waɗannan manhajoji ba lallai ne su duba gaskiyar magana ba. An horar da su ne da ɗimbin rubuce-rubuce, suna hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo bayan wadda ta gabata. Idan hadimi ya rubuta “shirya wa minista jawabi kan noma” ya tsaya, manhajar za ta cike giɓin da abin da aka fi yawan faɗa: noma tushen arziki, gwamnati ta himmatu, matasa su tashi tsaye. Jawabi ne da kowane minista zai iya karantawa a kowace shekara, saboda haka babu wanda zai tuna da shi.

Tsohon ma'aikaci ya san wannan matsala tun kafin zuwan kwamfuta. Daraktan da ya rubuta “a yi abin da ya dace” kawai a kan fayil, ba shi da bakin yin ƙorafi idan ƙaramin jami'i ya kawo masa shirme. Umarni mai kyau ga manhaja tamkar bayanin da shugaba nagari ke yi wa sabon jami'i ne. Zai faɗi wanda zai yi magana da waɗanda za su saurara. Zai faɗi abin da ake son takardar ta cim ma, ko neman amincewa ne, ko bayar da rahoto, ko kwantar da hankali. Zai faɗi tsawo da siga, sannan ya miƙa bayanan da za a dogara da su.

Da hadimin nan ya ce: “Jawabi ne na minti biyar ga shugabannin ƙungiyoyin manoman shinkafa, waɗanda ke ƙorafin jinkirin isar taki. Ka amsa ƙorafin a sakin layi na farko. Ka yi amfani da alƙaluman da na liƙa a ƙasa kaɗai, inda babu alƙalami ka bar gurbi. Kada ka yi alƙawarin da ba ya cikin bayanan”, da daftarin ya fito da kama da na ofis. Haɗa masa da tsohuwar wasiƙar da ba ta sirri ba, a matsayin samfuri, yakan fi dogon bayani kan salo amfani. Daftarin farko kuma ba shi ne ƙarshe ba, ana mayar da shi da gyara kamar yadda fayil ke komawa teburin jami'i.

Sharaɗin barin gurbi ya fi sauran muhimmanci, domin manhajar da aka nemi hujja a wurinta ba ta da ita, takan ƙirƙiro ta cikin harshe mai gamsarwa. A Yunin 2023 wata kotun tarayya a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ta ƙaga. A 2025 kamfanin Deloitte ya amince ya mayar wa gwamnatin Ostareliya wani ɓangare na kuɗin rahoton da ya kai dalar ƙasar 440,000, bayan an gano madogarai na ƙarya a cikinsa. Idan haka ta faru da ƙwararru, takardar da za ta je gaban Majalisar Zartarwa ta Tarayya ko kwamitin Majalisar Dattawa tana buƙatar a bi kowace lamba da kowane sashen doka a tabbatar da shi daga asalinsa.

Sai dai akwai tarko a cikin wannan shawara. Gwargwadon bayanin da aka ba manhaja, gwargwadon kyan rubutunta, kuma a ofishin gwamnati bayanin da ya fi amfani shi ne wanda aka hana fitarwa. Jami'in da ya liƙa takardar sirri a manhajar kyauta ya aika da ita ne zuwa rumbun wani kamfani a ƙasar waje. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan da ranta. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora nauyi kan duk mai riƙe da bayanan mutane, kuma sunayen ma'aikata da albashinsu da rahoton lafiyarsu duk suna ciki. Kamfanin Samsung ma sai da ya taƙaita wa ma'aikatansa amfani da irin waɗannan manhajoji a 2023, bayan wasu sun zuba bayanan kamfanin a ciki. Mafita ga ma'aikaci ita ce ya cire sunaye da lambobin fayil da adadin kuɗi kafin ya rubuta umarni, ya mayar da su da hannunsa daga baya. Abin da aka yi wa hatimin sirri kuwa kada ya kusanci manhajar da hukuma ba ta amince da ita ba.

Masu shirya sanarwa da Hausa suna da ƙarin aiki. Yawancin abin da aka horar da manhajojin da shi Turanci ne, shi ya sa Hausarsu kan fito da ƙirar jimlar Turanci. Ya kamata umarnin ya nemi daidaitacciyar Hausa da haruffa masu lanƙwasa, domin “kafa” daban, “ƙafa” daban, sannan mai jin harshen ya karanta kafin a fitar. Manhajar N-ATLAS da gwamnati ta ƙaddamar a 2025 don Hausa da Yarbanci da Ibo mataki ne na rage wannan giɓi.

Abin da ya rage wa hukuma shi ne ta fitar da ƙa'ida bayyananna ga kowace ma'aikata: wace manhaja aka yarda da ita, wane rukunin takardu aka haramta sakawa, wa zai tantance daftari. Horon ma'aikata ma ya kamata ya haɗa da rubuta umarni, kamar yadda ake koyar da rubuta wasiƙar ofis. Kafin nan, kowane jami'i ya tuna cewa ranar da aka aiko da takardar tuhuma, sunan wanda ya sa hannu za a rubuta a kanta.