Tun Ran Gini, Ran Zane

A cikin shekarar 1990, tun ba a haife ni ba, wani abin baƙin ciki ya auku a garin nan namu na Jos, wanda ya kamata ko wane mai shirin zama malami ya sani. Iyaye suka yi ta kai 'ya'yansu asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, yara sun daina fitsari, ƙoda ta tsaya. Cikin 'yan watanni yara 47 suka rasu. Da likitoci suka bi sawu, sai aka tarar ashe ba annoba ba ce. Maganin zazzaɓi ne na ruwa, watau farasitamol, aka haɗa shi da wani ruwa mai guba da a ke kira dayetilin gilaikol, irin wanda a ke sa wa cikin man birkin mota. Ruwan nan ba shi da launi, yana da ɗan zaƙi, ido ba ya iya bambanta shi da na kirki. Uwa ta ba ɗanta da hannunta, tana tsammani sauƙi ta ke nema masa.

A 1993 Gwamnati ta kafa hukumar NAFDAC domin ta lura da abinci da magunguna. Duk da haka, daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gubar nan dai ta sake kashe yara 84 a ƙasar nan, ta hanyar wani maganin haƙori da aka yi a Ikko. A 2022 kuma ta kashe yara wajen 70 a ƙasar Gambiya. Guba ɗaya, hanya ɗaya, sau uku. To, 'yan'uwa ɗalibai, me wannan ya koya mana? Ni dai abin da na gani shi ne, mai duba kaya ba zai iya tsayawa a kan ko wace tukunya ba. In ba a tare ɓarna tun a wurin yin abu ba, kafin hukuma ta ji labari an riga an yi jana'iza.

Akwai ilmi na musamman game da wannan, ba kuwa sabo ba ne. A 1949 sojan Amurka suka rubuta wata hanya ta binciken aiki tun ba a soma shi ba. Masu tura mutum zuwa wata suka ɗauke ta cikin shekarun 1960, daga baya masu ƙera motoci suka karɓa. A 1994 manyan kamfanonin mota uku na Amurka, watau Ford da General Motors da Chrysler, suka haɗu suka fitar da littafi guda na tsara ingancin kaya tun daga zane har zuwa kasuwa, suka ɗora wa duk mai sayar musu da kayan haɗi. A Japan kuwa, wani Ba'amurke mai suna Deming ya tafi a 1950 ya koya wa masu masana'antu cewa tsince ruɓaɓɓe a ƙarshen aiki ba ya gyara aiki, sai an gyara hanyar yinsa. A ma'aikatar Toyota har igiya aka rataya, wadda ƙaramin ma'aikaci ya ke da iko ya ja in ya ga kuskure, ko da aiki zai tsaya.

Kada girman sunayen nan ya tsorata mu, gama abin ba wuya gare shi ba. Masu aiki su kan zauna tare kafin a taɓa kome, su jera matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. A ko wane mataki sai su tambayi kansu, me zai iya lalacewa a nan? Sa'an nan su auna abu uku: in ya lalace, yaya munin ɓarnar, sau nawa ya kan faru, da kuma ko za a gane kafin kaya su fita. A hanyar da aka daɗe ana bi, ko wanne a kan ba shi maki daga 1 zuwa 10, a ninka su ukun, wanda ya fi yawa shi za a fara toshewa. Da an yi wannan zama a kan gangar ruwan nan ta 1990, da an sa doka kada a buɗe ganga sai an gwada abin da ke ciki.

Na gwada abin nan da kaina, shi ya sa na ke da bakin magana. Sa'ad da aka tura mu koyarwar gwaji, na faɗa wata makarantar ƙauye bayan Bukuru, aka ba ni darasin aikin hannu, muka yi sabulu da 'yan aji shida. Karo na fari na yi gaggawa, wani yaro ya auna soda da babban gwangwani maimakon ƙarami. Sabulu ya fito kyakkyawa a ido, amma ya saɓule wa wata yarinya fatar hannu. Laifina ne, ba na yaron ba, na kuwa ji kunya ƙwarai gaban uwarta. Karo na biyu ban bari an taɓa mai ba sai da muka rubuta matakai a allo. Yaran da kansu suka ce soda tana kama da gishiri, ƙanensu na iya lasa. Muka ba munin abin 10, yawan aukuwa 4, wuyar ganewa 8, lissafi ya kama 320, ya fi sauran duka. Muka shafa wa gwangwanin soda jan fenti, muka rubuta suna, muka kulle a akwati, muka bar ma'auni guda tak. Muka kuma rubuta da manyan baƙaƙe, soda a ke zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba. Darasin lissafi ke nan da na tsabta da na aikin hannu cikin sa'a guda.

Na san wani zai ce, mu malaman makaranta ne, ba injiniyoyi ba, ga shi kuwa manhaja ta cika. Gaskiya ne ta cika. Amma wanda zai tsaya gaban inji a ma'aikatar biskit ko ta man girki nan da shekara goma, yau yana zaune a benci gabanmu. Mai gidan burodi da mai cika ruwan leda da mai haɗa magani duk ta hannun malami suka bi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba da "a bar shi haka nan" tun yana aji uku, kwas na mako guda ba zai sake masa hali ba.

Saboda haka ina roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu abu biyu. Na ɗaya, kada a karɓi aikin hannu na ko wane ɗalibi, ko kujera ce ko ɗinki, sai tare da takardar da ya jera abin da zai iya lalacewa da yadda ya tare shi, a kuma ba takardar nan maki. Na biyu, ga Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, watau ITF, wanda aka kafa a 1971, babban ofishinsa yana nan kan hanyar Miango. A rubuta musu a roƙa su aiko mana da wanda ya san abin nan, ko da sau ɗaya ne a zango. Abin kunya ne ruwa yana ƙofar gidanmu muna kwana da ƙishirwa.

An koya mana tun muna ƙanana mu ƙaunaci maƙwabcinmu. Wanda zai sha abin da ka dafa, ko ya zauna a kujerar da ka ƙera, maƙwabcinka ne ko ba ka taɓa ganin fuskarsa ba. Da na sani ƙeya ce, a baya ta ke. Allah ya sa mu zama malaman da za su koya wa yara tambaya tun kafin ɓarna, amin.