Biko: Sulhu Ne Ko Rufe Baki?

Hausawa sun ce, zo mu zauna, zo mu saɓa. Shi ya sa kakanninmu suka tanadi yaji da biko. Idan mace ta ga an cuce ta, sai ta tafi gidan iyayenta, miji kuwa ya aika da magabatansa, a zauna a ji ta bakin kowa. Wannan al'ada ta dace da aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, wadda ta umarci a naɗa mai sulhu daga dangin miji, da wani daga dangin mata.

To, amma a ganina mun riƙe sunan biko, mun yar da manufarsa. Sau da yawa ba a tambayar abin da ya fitar da ita. Sai a miƙa goro da turmin atamfa, a ce ta yi haƙuri, a mayar da ita ɗakinta. Laifin miji kuwa ba a ambata ba, balle ya nemi gafara. Wannan ɗaure gyambo ne ba tare da an wanke shi ba; watarana zai ruɓe, ya kai su gaban alƙali.

Lalle ne dattawa su fara da faɗin gaskiya ga mai laifi, sannan su roƙi wanda aka cuta ya yafe.